Waƙa a Bakin Mai Ita Ta Fi Daɗi: Kiɗan da Duniya Ke Tonowa da Siyasar Lokacin Tsanani

A kasuwar Ibohamane, cikin gundumar Keita ta jihar Tawa, akwai irin rumfar nan da yanzu kowace kasuwar karkara ke da ita: faifan sola a kan rufi, wayoyi jere bisa tebur, kowace da 'yar takardar lamba manne a bayanta, sai tsohuwar kwamfuta da ƙura ta sauya wa launi. A nan ake caji, a nan kuma ake zuba waƙa. Ina tsaye da hantsi wani dattijo ya zaro salularsa daga aljihun gaba ya miƙa wa mai rumfar.

"Yaro, zuba mani Ɗan Anace, ka haɗa da karatu."

"To Baba. In sa maka na Shago duka?"

"Duka. Kada ka rage ko guda."

A bayansa akwai wani saurayi da bai daɗe da dawowa daga biɗa a Abijan ba. Shi jitar Agadas yake so, da gambarar samarin Kaduna, da sababbin waƙoƙin kishin ƙasa da ake yi a Yamai. Duk wannan zai shiga cikin ɗan katin memori da bai fi farcen ɗan yatsa ba. Cikin shekaru goma sha biyar da suka wuce, irin wannan kati ne ya ja hankalin masu neman kiɗa daga Amurka da Turai zuwa ƙasarmu. Kuma a cikinsa ne ake ajiye abin da talaka ke ji a ransa game da rufe iyaka, da tsadar hatsi, da sauyin mulki. Abu biyu ne a kati ɗaya: kiɗan da baƙo ke rawa da shi, da maganar da ɗan gida kaɗai ke fahimta. Sharhin nan a kan tazarar da ke tsakaninsu yake.

Masu tono da abin da suka tono

Wajen 2010 wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, mutumin birnin Portland, ya zauna a Kidal da ke arewacin Mali. Ya lura samari ba sa sayen kaset, waya da waya suke haɗawa su tura wa juna waƙa ta Bluetooth. Sai ya riƙa kwafar abin da ke cikin wayoyin, ya zaɓi wasu, kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar da su a faifai a 2011 da sunan Music from Saharan Cellphones. Wahalar da ya fi sha ita ce gano masu waƙoƙin don a biya su, domin yawancinsu suna yawo ne babu suna, babu gari.

Ɗaya daga cikin waɗanda aka nemo shi ne Mdou Moctar, Ba'abzinen Azawak na jihar Tawa, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke. A Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko a 2008, a irin ɗakunan da ake yin waƙoƙin finafinan Hausa, da gangar kwamfuta da na'urar nan mai lanƙwasa murya. A duba hanyar da waƙar ta bi: daga Azawak zuwa Sakkwato, daga Sakkwato zuwa aljihun direbobi da 'yan biɗa, daga nan zuwa Kidal, sannan ta ƙetare teku. Kafin wani Bature ya ji ta, dubban mutanenmu sun riga sun haddace ta.

Haka labarin Mamman Sani yake. A 1978 ya naɗi kiɗan molon lantarki mai madannai a gidan rediyon ƙasa da ke Yamai, kaset kaɗan aka buga, amma shekara da shekaru ana sa kiɗansa tsakanin shiri da shiri a rediyo da talabijin. 'Yan Nijar sun tashi da wannan sauti a kunne, da yawa ba su san sunan mai shi ba. Sai a 2013 da aka sake fitar da shi a waje, sannan ya fara zagaya Turai yana wasa. A shekarar ce kuma aka fitar da Harafin So, tarin waƙoƙin finafinan Kano, wani kamfanin Ingila kuma ya fitar da kundin Kaani na ƙungiyar Tal National, wadda ta daɗe tana raya dare a Yamai. Daga ƙauyen Illighadad na yankin Abalak, Fatou Seidi Ghali da 'yan uwanta suka ɗauki jita da tande suka fita duniya daga 2016.

Abin bai tsaya a kanmu ba. Kamfanin Analog Africa na Jamus ya tono faya-fayan ƙungiyar Poly-Rythmo ta Kwatano. Luaka Bop na Amurka ya fito da William Onyeabor na Inugu a 2013, bayan mutumin ya bar kiɗa da kusan shekara talatin. An samo Ata Kak na Gana, wanda kasetinsa na 1994 bai yi kasuwa ba, aka sake fitar da shi a 2015. Habibi Funk ya fitar da Kamal Keila na Sudan a 2018 daga tsofaffin naɗe-naɗen rediyo.

Gaskiya ɗaya ce, wannan aiki ya yi amfani. Kaset ɗin da zafi da gara za su cinye an ceto shi. Tsofaffin da aka manta da su sun ga tafi da kuɗi kafin su bar duniya. Yaran da a da iyakarsu wasan biki sun ciyar da dangi da jita. Amma akwai abu uku da ya kamata mu riƙe. Na farko, abin da ake cewa an gano bai taɓa ɓata ba, yana hannun masu shi. Na biyu, kunnen baƙo ne ke zaɓe, shi kuwa abin da ya yi kama da wanda ya saba da shi yake ɗauka: jita, da molon lantarki, da ganga mai sa rawa. Waƙar da ƙarfinta ke cikin magana, irin ta kalangu da kotso da gurmi, takan tsaya a gida. Na uku, wanda ke rawa a Barlin ko Landan galibi bai san me ake faɗa ba. Kiɗan yakan ƙetare, maganar ta tsaya a bakin iyaka.

Fank da hip-hop 'ya'yan wahala ne

Abin da ya sa rashin jin maganar ya zama asara shi ne, su waɗannan kaɗe-kaɗe da ake nema, tun asalinsu cikin tsanani aka haife su. A tsakiyar shekarun 1960 James Brown ya sauya tsarin kiɗan baƙaƙen Amurka. Ya ɗora nauyi kan bugun farko, ya mai da jita da ƙaho su ma kamar ganguna, kowa na maimaita ɗan guntun nasa, jagora na jefawa 'yan amshi na karɓa. Wannan shi ne fank. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da makaɗan dambe ko na noma ba zai ji shi baƙo ba. Lokacin kuwa lokacin gwagwarmayar neman 'yanci ne. A Afrilun 1968 aka kashe Martin Luther King, biranen Amurka suka kama da wuta, washegari aka watsa wasan James Brown na Boston kai tsaye a talabijin don mutane su zauna gida. Kafin shekarar ta ƙare ya fitar da waƙar da ke kiran baƙar fata ya yi alfahari da launinsa.

A Disambar 1970 ya zo Legas, ya tarar da Fela Kuti, wanda shi ma bai daɗe da dawowa daga Amurka da sabon tunani ba. Fela ya haɗa fank da kiɗan gida ya juya shi kan masu mulki. Bayan kundinsa Zombie da ya taɓa sojoji, a Fabrairun 1977 suka ƙone gidansa na Kalakuta, aka jefo mahaifiyarsa Funmilayo ta taga, ta rasu a 1978. Duk mai jin daɗin ƙahonnin Fela a yau, ya kamata ya san farashin da aka biya.

Shi kuma hip-hop ana ƙirga haihuwarsa daga 11 ga Agustan 1973, a unguwar Bronx ta birnin New York, lokacin da masana'antu ke rufewa, gidaje ke ƙonewa, birnin kansa na dab da tsiyacewa. Wani saurayi ɗan asalin Jamaika, Kool Herc, ya lura masu rawa sun fi zabura a daidai inda mawaƙi ya yi shiru ganga ta rage ita kaɗai. Sai ya sa faifai biyu iri ɗaya a garmaho biyu, wannan na ƙarewa ya tayar da wancan, ya tsawaita gurbin. A kan wannan gurbi samari suka fara jera magana. Zuwa 1982, da waƙar The Message, maganar ta koma bayanin talauci da ƙuncin unguwa. Wato hip-hop ma da tono ya fara: yaran da ba su da kuɗin kayan kiɗa suka tono faya-fayan fank na iyayensu.

Akwai darasi a gefen wannan tarihi. Clyde Stubblefield, makaɗin gangar James Brown, ya yi wani ɗan bugu a waƙar Funky Drummer ta 1970 wanda aka yanka aka sa a ɗaruruwan waƙoƙi, amma da yake ba a rubuta sunansa cikin masu waƙar ba, bai ci moriyar hakan ba har ya rasu a 2017. Manu Dibango na Kamaru sai da ya kai ƙara kafin a biya shi kan amshin Soul Makossa ta 1972 da Michael Jackson ya ɗauka. Wanda sunansa ke rubuce ya samu abin kamawa, wanda ba a rubuta ba ya tashi hannu wofi.

Yadda gambara ta samu sabon kaya

Da hip-hop ya iso ƙasar Hausa bai tarar da fili fetal ba. Muna da kirarin mafarauta da 'yan dambe da 'yan kokawa, muna da 'yan kama da 'yan gambara masu jera magana da sauri cikin kasuwa, muna da zambo da habaici. Shi ya sa a Kano aka laƙaba masa gambarar zamani, sunan kuma ya zauna. Jihar Tawa ta san darajar wannan gado: a Tawa aka fara gasar kokawa ta ƙasa a 1975, inda kirari da kiɗa ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da ƙarfin damtse, a nan ne kuma aka kafa gasar kiɗan zamani mai ɗauke da sunan Ɗan Gurmu a shekarun 1980. Daga wannan zamani ne irin su Sa'adu Bori na Maraɗi da Musa Pusi suka fito, kundinsu Niamey Twice ya fita a Landan a 1994, tun kafin a fara maganar tono.

Rap ɗin Nijar ɗan shekarun 1990 ne. Bayan harbin ɗalibai a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairun 1990 da babban taron ƙasa na 1991, baki ya buɗe, gidajen rediyo masu zaman kansu suka fito. Sai dai aljihu a bushe yake: albashi na makara, makarantu na rufewa, an karya darajar sefa a 1994. Samarin da suka yi karatu babu aiki suka taru a fada, gaban butar shayi, suna kashe dare da hira. A wannan zama ne ƙungiyoyi irin su Lakal Kaney da Kaidan Gaskiya da Wass-Wong da Djoro G suka taso, suna cakuɗa Hausa da Zabarmanci da Faransanci, suna magana kan rashin aiki, da cin hanci, da auren dole, da cutar sida. Mata ma sun shiga, irin su ZM da Safiath. Ƙungiyoyin agaji sun ga amfanin abin suka riƙa ba da kwangilar waƙoƙin wayar da kai. Kuɗin ya taimaka, amma ya koya wa wasu jiran a ba su jigo kafin su buɗe baki.

A Kano gwajin ya zo da zafi. Daga 2007 hukumar tace finafinai ta tsananta, aka ɗaure Adam Zango a shekarar. A 2009 wata kotu ta haramta waƙoƙi goma sha ɗaya, har da saurarensu da tura su ta waya, aka kuma kama Aminu Ala. Nazir Hausawa, wanda aka fi sani da Ziriums, yana cikin waɗanda suka mayar da martani da rap. Abin da ya biyo baya kowa ya gani: waƙar da aka hana ita aka fi turawa. Eedris Abdulkareem, wanda ya tashi a Kano, ya gamu da fushin gwamnatin Obasanjo kan Jaga Jaga a 2004, a Afrilun 2025 kuma hukumar kula da kafofin watsa labarai ta Najeriya ta hana sa wata sabuwar waƙarsa. Shekara ashirin da ɗaya tsakani, ciwon bai warke ba.

A wasu ƙasashen mawaƙan sun wuce waƙa sun shiga fili. A Sanagal 'yan ƙungiyar Keur Gui da wasu 'yan jarida suka kafa Y'en a marre a Janairun 2011, suka bi unguwa-unguwa suna sa matasa yankar katin zaɓe, Abdoulaye Wade ya faɗi a 2012. A Burkina Faso, Smockey da Sams'K Le Jah suka kafa Balai Citoyen a 2013, suna sahun gaba lokacin da Blaise Compaoré ya bar mulki ranar 31 ga Oktoban 2014. Waƙa kaɗai ba ta kayar da kowa ba. Abin da ta yi shi ne ta ba mutane kalmar da za su kira ciwonsu da ita, ta kuma nuna wa kowa cewa ba shi kaɗai ke jin zafin ba.

Yadda Adar ke jin siyasa

A Keita da Buza da Madawa na yankin Adar, siyasa ba a jawabi ake fara jin ta ba, a farashin tiyar hatsi da buhun albasa ake jin ta, da kuma ko ɗan da ke biɗa ya aiko ko bai aiko ba. Ƙasa ce ta duwatsu da fako da kwaruruka, damina ɗaya ba ta riƙe gida shekara, don haka da an gama girbi maza ke kama hanyar Najeriya, da Kodebuwa, da Libiya, da Kamaru. Iyaka a wurin mutumin Adar kamar maƙogwaro take.

Tsofaffi ba su manta da 1984 ba. Fari ya zo, Najeriya kuma ta rufe iyakarta a zamanin mulkin soja na Buhari, har aka laƙaba wa yunwar suna El Buhari. A shekarar ce aka fara babban aikin farfaɗo da ƙasa na Keita, da tallafin Italiya da hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Da yake maza sun tafi, mata ne suka ɗauki mafi yawan aikin: su suka ɗebo duwatsu a ka suka jera don tare ruwa, suka haƙa ramuka a fako, suka dasa miliyoyin itatuwa, ana biyansu da abinci. A kwarin Majiya na Buza kuwa tun 1975 ake dasa layukan dogon yaro don kare gonaki daga iska. Sai yunwar 2005, shekarar da aka yi zanga-zangar tsadar rayuwa a birane kan harajin kayan masarufi. Sai 2011, da Libiya ta rushe dubban 'yan biɗa suka dawo hannu rabbana. Sai rufe iyakar Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Sai kisan Tiliya na 21 ga Maris 2021, inda aka hallaka mutum 137 a arewacin jihar.

Sannan 26 ga Yulin 2023, sojoji ƙarƙashin Janar Abdurahman Tiani suka kifar da Mohamed Bazoum. Kwana huɗu bayan haka ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wutar lantarki, aka yi barazanar yaƙi. Tsakanin Ƙonni da Illela, inda dangi ɗaya ke zaune a ɓangarori biyu, motoci suka tsaya. Albasa ba ta jira, magani ya yi wuya. Sai a Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin. Sojojin Faransa kuma sun fice a Disambar 2023, na Amurka suka bi baya a 2024, Nijar da Mali da Burkina suka kafa ƙawancen AES suka bar ECOWAS.

Juyin mulkin ya tarar da Mdou Moctar da abokansa suna zagayen wasa a Amurka, suka maƙale can ba hanyar komawa. Kundinsa Afrique Victime na 2021, da Funeral for Justice na 2024, wato jana'izar adalci, magana suke kan mulkin mallaka, da arzikin yuraniyom da bai haskaka gidajen masu shi ba, da harshen Tamashek da ke neman raunana. Jaridun waje sun fi yabon saurin yatsunsa. Shi kuwa ya sa ana fassara kalmominsa don a san abin da ke cinsa. Ko wanda ya kai ƙololuwa sai ya yi da gaske kafin a ji maganarsa tare da kiɗansa.

Tsakanin yabo da gyara

A gida, watannin takunkumi sun haifar da ambaliyar waƙoƙin kishin ƙasa. An yi su a filin wasa na Seyni Kunce, an yi su a dandalin da jama'a suka yi zaman dirshan gaban sansanin sojojin Faransa a Yamai, kalmar "zancen ƙasa ne" ta shiga bakin yaro da babba. Kuskure ne a ce duk sayen baki ne. Wanda aka yanke wa wuta, aka hana wa magani, aka yi wa barazanar yaƙi, idan ya yi waƙar kare mutuncin ƙasarsa daga zuciya ya yi ta. Ruwa ba ya tsami banza, fushin da ake yi da Faransa ya daɗe yana taruwa.

Sai dai waƙar Hausa ba ta taɓa tsayawa da ƙafa ɗaya ba. Makaɗin fada na yabon sarki, amma cikin yabon yakan gindaya masa abin da ake jira daga gare shi: adalci, kyauta, riƙon talakawa. Ɗan Maraya Jos ya ɗauki kuntiginsa ya yi wa karen mota waƙa, ya ɗaga wanda ba a kallo. Shata ya yi yabo, ya kuma yi zambon da manya ke tsoro. Idan aka bar yabo aka toshe gyara, an yanke wa al'adar hannu ɗaya.

A nan damuwata take. An dakatar da RFI da France 24 a Agustan 2023, an dakatar da BBC na wata uku a Disambar 2024. A Yunin 2024 aka maido da hukuncin ɗauri cikin dokar laifukan intanet kan ɓata suna da yaɗa abin da ka iya ta da hankalin jama'a. A Maris 2025 aka rusa jam'iyyun siyasa, aka rantsar da shugaban ƙasa na wa'adin shekara biyar. A irin wannan yanayi, saurayin da ke da baiti kan tsadar shinkafa, ko kan ƙauyen da 'yan bindiga suka tasa, ko kan ɗan'uwansa soja da bai dawo ba, zai yi tunani sau biyu kafin ya tura ta WhatsApp. Ba sai an kama shi ba, shi da kansa zai haɗiye. A ƙetaren iyaka kuma, a Najeriya, wata cutar ce: kuɗin 'yan siyasa ya mai da waƙar zaɓe sana'a mafi tsoka, har mai hazaƙa ke ganin wauta ce ya yi waƙar da ba mai biya. Can kuɗi ke rufe baki, nan tsoro, sakamakon ɗaya ne.

Kundin tsarin da aka amince da shi a 2025 ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa a Nijar. Abin alfahari ne ga mai jin harshen, amma nauyi ne. Harshen ƙasa shi ne wanda ake gode wa shugaba da shi, ake kuma gaya masa inda ɗaki ke yoyo da shi, tare da mutunta Zabarmanci da Tamashek da Fulatanci da Barbarci da sauran harsunan 'yan ƙasa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Mulkin da ya ce ya zo ne don maido wa ƙasa 'yancinta, shi ya fi kowa bukatar jin muryar talaka ba tare da tacewa ba, domin mai yabo kaɗai ba zai gaya maka rijiya na gabanka ba.

Abin da ya rage a hannunmu

Tunda mu ne ke jin kiɗan da maganar a tare, aikin namu ne, kuma bai fi ƙarfinmu ba. Na farko adanawa. Akwai tarin naɗe-naɗe a gidan rediyon ƙasa, da cibiyar CELHTO mai tattara tarihin baka a Yamai, da cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya, da rediyon Kaduna. Kaset ba ya jiran kasafin kuɗi, kowace bazara tana cin rabonta. Malam Mamman Barka ya je gaɓar tafkin Cadi ya koyi kiɗan biram a hannun tsohon da ya rage yana kaɗa shi, ya kai shi duniya kafin ya rasu a 2018. Abin da mutum ɗaya ya yi da himmarsa, hukuma ba ta da uzurin kasawa. Gidajen rediyon karkara ma, da waya ɗaya mai kyau, za su iya naɗar tsofaffin garinsu.

Na biyu suna da haƙƙi. Duk waƙar da aka naɗa a faɗi mai ita, da garinsa, da shekarar, da makaɗan da suka taya shi. Mawaƙi ya yi rajista da ofishin kare haƙƙin mawallafa, kada ya sa hannu a takardar da ba a karanta masa da harshensa ba, kuma ya riƙe asalin naɗinsa. Mu masu sauraro mu saba da biya, ko da dala ashirin ce, kamar yadda kakanninmu ba sa barin makaɗi ya tashi hannu wofi. Mawaƙin da jama'a ke ciyarwa shi ke iya faɗa wa mai mulki gaskiya.

Na uku kare bakin mawaƙi, har wanda ba mu yarda da shi ba. Wanda ya yi shiru yau don an kama mai sukar abokin hamayyarsa, gobe ba zai samu mai yi masa magana ba.

Dattijon nan ya karɓi salularsa ya biya, ya ratsa cikin masu albasa muryar Ɗan Anace na tashi daga aljihunsa. Na bi shi da kallo ina tunanin matan da suka jera duwatsun da ke kan tuddan da ke kewaye da garin. Duk wanda ya san aikin gayya ya san ba a yin sa baki rufe. Abin da suka rera suna ɗauke da dutse a ka, cikin yunwar 1984, shi ne sharhin siyasa mafi gaskiya da Adar ta taɓa yi, kuma ba ya cikin katin kowa. Da yawansu suna nan da rai, sun tsufa, suna zaune a zaure da tsakar gida a Ibohamane da ƙauyukanta. Babu wani mai tono da zai zo daga Portland ya nemo wannan, domin babu jita a ciki. Jikokinsu ne ke riƙe da waya. Su je su durƙusa su ce, "Kaka, rera mani wadda kuke yi a wurin aikin dutse," su danna naɗi, sannan su rubuta sunanta a kai.